Ranar da Na Kira Sunan Rakiya

Akwai maganar da take yawo a cikin dangi, na kuma san ta iso kunnenku ko da ba ku faɗa mini ba. Ana cewa Hajiya Tabawa ta yi yawon duniya har kunya ta zube mata a hanya, ta tsaya a tsakar gidan suruki ta ci fuskar Goggonku Dije a gaban mata. Tun da Allah ya bar ni da rai da idon rubutu, gara ku ji daga bakina. Ba wanke kaina zan yi ba. Abin da aka ce na yi, na yi shi. Sai dai masu ba da labarin daga tsakiya suke ɗauko shi, ni kuwa zan faro muku daga tushe.

Yayarku Rakiya ita ce 'yata ta fari. Ku yaran yanzu da kuke rungumar ɗan fari kuna ɗora hotonsa a waya ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A ƙauyenmu na gefen Tofa, a zamaninmu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi yana kuka sai ta kau da kai har wata ta ɗauke shi. Ranar da aka yaye Rakiya, yayar mahaifinku, Dije, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta goye ta ta tafi da ita gidanta. Ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, aka yi ta yabona, ana cewa Tabawa akwai kunya. Rakiya ta tashi tana ce wa Dije Inna. Ni kuwa ba ta da abin kirana sai da na sauke farali, sannan ta samu Hajiya ta riƙe. In zan ambace ta sai in ce yarinyar Yaya Dije. Haka muka yi shekara arba'in da ɗoriya, muna gaisawa kamar maƙwabtan da katanga ta raba.

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, falken shanu ne mai ƙafar yawo, ni kuma ban iya zaman jira ba, duk inda ya sauka ina bayansa da ƙullin atamfata. Na zauna a Agege har Yarbanci ya zauna a bakina, na yi ciniki a Lome da Faransancin kasuwa, na yi Injamena, na yi shekara shida a Jidda. A Lome na ga uwa da 'yarta ta fari a rumfa ɗaya suna cin abinci kwano ɗaya suna ƙyalƙyala dariya, na ce a raina waɗannan ba su da ta-ido. A Jidda kuwa maƙwabciyata wata 'yar Sudan ce, Ummu Usman. Ranar da muka fara gaisawa ta tambaye ni sunan ɗana na fari don ta riƙa kirana da shi, domin su a wurinsu nan girman mace yake. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Baiwar Allah ta ɗauka ɗan ya rasu ne, ta kama hannuna ta shiga yi mini ta'aziyya. Da na bayyana mata al'adarmu sai ta daɗe tana kallona, ta ce, to ita yarinyar wa ya gaya mata kina son ta? Ita wannan Ummu Usman ɗin ce ciwon daji ya kama daga baya. A kan idona aka yi ta ɗura mata maganin da suke ce wa kimawi, mu nan muke ce masa kemo. Na ga gashinta ya zube har girarta, na ga ta rame kamar kara, na kuma ga gashin ya sake tsirowa, ta tashi ta aurar da 'ya'yanta. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Shekarar da ciwon ya kama Rakiya irin wadda ba a son tunawa ce. Damina ta yi gardama, gero ya yi tsadar da mata suka koma auna shi da gwangwani, hawa bas daga Tsanyawa zuwa birni ya zama abin da magidanci zai zauna ya yi shawara a kansa. Rakiya tana aure a wani ƙauye gefen Tsanyawa, gidan Malam Sule, mutum mai sanyin hali da yake noman rani a Watari. Ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ta ɓoye wata da watanni, ita ma kunyar ce. Da aka kai ta babban asibiti a birni, likita ya ce daji ne, za a yi mata kemo sau shida, sati uku-uku tsakani, sannan a yi aiki. Yaya Dije ta ɗaure kayanta ta tare a gidan don jinya, kamar yadda ya kamace ta. Ni kuwa na yi abin da ya kamaci uwar 'yar fari: na zauna a gidana na yi aike. Na buɗe akwatina na ƙarfe na fito da kwalbar turaren da nake ɓoyo tun Jidda, da humra, da turaren wuta na 'yan Sudan mai kama ɗaki kwana uku. Na sa aka sayo kilishi mai yaji da dambun nama. Na ba wata mata da take zuwa cin kasuwar Tsanyawa, na ce a kai wa yarinyar Yaya Dije, a ce ana gaishe ta da jiki. A ganina na yi bajinta.

Ranar kemo na biyu zuciyata ta ƙi zama, na je asibitin. Ban shiga ɗakin ba. Na zauna a benci a waje kamar mai jiran wani dabam, ina leƙen Rakiya ta ƙofa, an ɗaura mata ruwan magani, tana ta yunƙurin amai a roba. Sai wata nas Bayarabiya ta fito tana yi wa abokiyar aikinta mita da Yarbanci, ba ta san tsohuwar da ke kan benci tana ji ba. Cewa take yi, wane mara tausayi ne ya yi wa matar nan wanka da turare, ga ta ko warin abinci ba ta iya ɗauka, bakinta duk gyambo, an kuma ƙunso mata nama mai yaji. Na gaishe ta da yarenta, ta zabura, ta rusuna tana ba ni haƙuri.

“Mama, ke wace ce tata?”

“'Yar uwa ce,” in ji ni.

Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji ɗaci a harshena. Daga baya na gano yadda abin ya kasance. Yaya Dije, don kada a ce ta raina kayan uwar ɗiya, kullum sai ta turara ɗakin ta shafe Rakiya da humra. Rakiya kuwa, don kada a ce ta ƙi kyautar Hajiya, ta haɗiye ba ta ce yana tayar mata da zuciya ba. Ni da na aika ban tambaya ba, don ba a tambaya. Mu uku kowa tana kiyaye mutuncin 'yar uwarta, marar lafiya tana amai. Nas ɗin ta gaya mini abin da ya dace: abu mai sanyi mai ɗan tsami, ba yaji, ba ƙamshi, mai mura kada ya matso. Ta ƙara da cewa in sa ido, don da zarar gashi ya fara zuba dangi sukan ɗauke marar lafiya, sai ciwon ya ci ƙarfinta a dawo musu da ita.

Kamar ta gani a mafarki. Ana gobe kemo na uku Malam Sule ya kira ni a waya, yana magana ƙasa-ƙasa.

“Hajiya, gobe fa ba za a shigo birni ba. Inna Dije ta ce an gama da asibiti. Akwai mai maganin daji a wani ƙauye gaba da mu, can za a kai ta, a yi mata tsaga a shafa magani.”

“Kai me ka ce?”

“Hajiya, wa zai ja da Inna Dije?”

Washegari bas ɗin farko na shiga, ranar kuwa kasuwar Tsanyawa ke ci, aka cusa ni tsakanin buhun barkono da akuya. Hantsi bai gama ɗagawa ba na isa. Tsakar gidan cike da mata 'yan dubiya, an shimfiɗa wa Rakiya tabarma a inuwar darbejiya, ta ja mayafi ta rufe kanta har goshi. An riga an ɗaure kayan tafiya. Da na yi sallama aka ba ni wuri can gefe kusa da turmi, inda uwar 'yar fari take zama, na kuwa zauna. Yaya Dije ta kwance wani ƙyalle a gaban mata. Gashin Rakiya ne a ciki, kitso guda-guda, yadda ya tsinko.

“Ga shi nan, kowa ya gani,” in ji ta. “Tun kaka da kakanni an san daji ba ya son ƙarfe. In allura ta taɓa shi fusata yake yi. Yau gashi, gobe kuma me? Ina Hanne ta gidan liman? Ba asibitin aka kai ta ba, sati biyu aka dawo da gawa?”

Mata suka amsa, haka ne, Allah ya jiƙan Hanne. A al'ada nan ya kamata in ce Allah ya sa a dace, in ajiye abin da na kawo in kama hanya. Sai na ji bakina yana magana.

“Yaya, Hanne sai da ciwon ya fashe yana ruwa aka kai ta. Zubar gashin nan aikin maganin ne, na gani da idona a Jidda. Zai tsiro.”

Yaya Dije ta juyo a hankali ta dube ni.

“Tabawa, da wa kike? Yaushe kika fara sa baki a kan yarinyar nan? Kina Lome kina auna yadi ƙyanda ta kama ta, a bayana ta yi kwana tara. Kina Jidda kina koyon yaren Larabawa na yi mata gara, na wanke mata jego shida. Yau don kin ga wata Balarabiya mai sanƙo za ki zo ki koya mini riƙon 'ya?”

Ku ji ni da kyau, 'ya'yana: babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. Dije ta so Rakiya so na gaskiya, tsoron rasa ta ne ya sa ta ɗaure kayan nan. Amma na dubi ƙullin kayan, na dubi ƙafafun da suka leƙo daga ƙarƙashin mayafi, sirara kamar na yarinya, na tuna matar da ta yi mini ta'aziyyar 'yar da take raye. Na ce a raina, in na yi shiru yau, ta'aziyyar nan za a sake yi mini ita, ta gaske kuma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tashi daga gefen turmi, na ratsa mata, na durƙusa a bakin tabarmar.

“Rakiya.”

Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi. Wata ta rufe baki da gefen zani. Ita kanta Rakiya ba ta amsa ba, don ba ta san muryata da wannan suna ba. Na sake kira.

“Rakiyatu. Ni na haife ki. Ɗago ki dube ni.”

Ta ɗago. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage. Na ce mata ba Inna Dije zan tambaya ba, ba Malam Sule ba, ita zan tambaya, don a jikinta ake yi. Na ce maganin nan zai ƙara wahalar da ita, ba zan yi mata ƙarya ba, rai kuma na Allah ne, amma na ga wadda ta sha shi ta tashi. Ta daɗe tana kallon ƙyallen gashin nan.

“Hajiya, tsoro nake ji. Dubi yadda na koma. Ko 'ya'yana ba na so su ga kaina.”

Sai na kai hannu na tuge ɗankwalina a gaban kowa. Kun dai san abin da ke ƙarƙashinsa, 'yar furfura ce tsilli-tsilli kamar gonar da fara ta bi.

“To ga nawa. Wace allura ce ta taɓa shi? Naki ma zai dawo, nawa sai a Aljanna.”

Wata daga baya ta tuntsire da dariya, ta yi sauri ta mayar da ita tari. Rakiya ma dariyar ta kufce mata, hawaye na zuba.

“Zan ƙarasa,” in ji ta. “Inna, ki yi haƙuri. Zan ƙarasa.”

Na ɗaga murya na kira Malam Sule, wanda na san yana raɓe a zaure yana jin komai. Na ce matarsa ce, ko ya ba ni izini in tafi da ita? Ya shigo yana murza hularsa, bai dubi kowa ba.

“Hajiya, ni albasa da tumatir na sani. Amma ko a Watari, in ka fara ban ruwa ka tsaya a tsakiya, gara ma ba ka fara ba. Ku je.”

Na juya wajen Yaya Dije na ce addu'a da rubutu babu mai hana ta, ta yi ta yi, muna buƙata. Amma ba za a tsaga ta ba, ba za a fasa allura ba. Ta naɗe ƙyallen gashin, ta cusa a lalitarta, ta miƙe.

“Na mayar miki da 'yarki, Hajiya. Allah ya ba ki ikon riƙewa.”

Tun ina amarya Tabawa take ce mini. Wannan ce ranar farko da ta ce mini Hajiya, na kuwa gane abin da take nufi. Kafin mu kai bakin titi ta bar gidan.

Mun isa asibiti a makare, nas ɗin nan ta sa baki aka karɓe mu. Ta sake tambayata, da murmushi, ko har yanzu 'yar uwa ce. Na ce mata da Yarbanci, 'yata ce, ta fari. Daga nan gidana na wuce da Rakiya, don ya fi kusa da birni, ta yi kusan shekara a ɗakina. A nan na fara koyon 'yata ina da furfura. Ban san ba ta cin kuɓewa ba. Ban san in tana jin zafi yatsun ƙafarta take murzawa ba, kamar ubanta. Turaren Jidda duk na rabar. Kyautar da ta amfane ta ba ta kai a sa ta a akwati ba: lemun tsami da take shinshinawa a cikin bas, kunun tsamiya da na bari ya huce, farfesun kaza ba barkono. Na zaɓo ragowar yadin auduga mai laushi daga kayan Lome, na wanke shi sau uku har ƙamshin akwati ya fita, na yanka mata ɗankwali, don na leshi yana cin fatar kanta. Ni na aske sauran gashin da hannuna, na shafa mata man kaɗanya. 'Yan dubiya kuwa duk mai tari ko mura a ƙofa nake tsayar da ita, ta yi gaisuwa daga can. Wannan ma an saka shi cikin laifuffukana, ku ƙara a lissafi.

Kada ku ɗauka daɗi aka yi ta ji. Bayan kemo na huɗu zazzaɓi ya rufe ta, tana rawar sanyi tana kiran Inna, Inna. Ina riƙe da ita, na san ba ni take kira ba. Na aika wa Yaya Dije sau biyu, ba ta zo ba, sai gorar rubutu da ta aiko ba tare da saƙo ba. Na tambayi likita, ya ce in ruwan mai tsabta ne ta sha, na ba ta. Ana saura ɗaya Rakiya ta ce ta gaji, in bar ta ta koma wajen Innarta ta mutu a can. Na ce mata mutuwa ba ta neman izinina, amma bas ɗin Tsanyawa yana nema, ni kuwa ban bayar ba sai an yi na shida. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Na ji daɗin fushin nan, don ba a fushi da baƙo.

An yi na shida, an yi aiki, an cire maman. Wajen wata biyar bayan haka gashin ya tsiro, baƙi mai laushi kamar na jariri. Da ya kai a kama, maƙwabta suka ce in kira mai kitso a yi shagali. Na ce a'a. Na cika alkawari, na sa ta a bas na kai ta har ƙofar Yaya Dije, na tsaya a waje. Ta katanga na ji kukan su biyun. Dije ce ta yi mata kitson farko, 'yan ƙanana guda shida. Har gobe tana gaya wa mutane rubutunta ne ya yi aiki, in an kawo mini maganar sai in ce haka ne, Allah ya saka mata. Amma ba ta sake taka gidana ba. In mun haɗu a biki ko wajen rasuwa takan ce, Hajiya, an zo lafiya, ta wuce. Matar da ta wanke ni ranar aurena. Wannan shi ne abin da na biya, yana kuma yi mini ciwo har yanzu. Likitoci ba su ce an rabu da ciwon har abada ba, Rakiya tana komawa ana duba ta, sauran yana hannun Allah. Bara dai ita da kanta ta ɗauki tukunyar girki a bikin 'yarta.

Ban ce kunya banza ce ba. Na zaga ƙasashe, ban ga inda aka fi mu iya girmama na gaba ba, ina kuma so ku riƙe wannan. Amma duk wanda ya ce muku Hajiya Tabawa ta zubar da kunya, kada ku yi masa musu. Ku ce masa ƙwarai, ta zubar da ita a tsakar gidan Malam Sule, ranar kasuwar Tsanyawa, ba ta kuwa koma ta tsince ta ba. Kullum da safe in na idar da lazimi nakan ɗauki waya in kira 'yata. Ba wata magana ce da ni ba. Ta ɗauka ta ce, Hajiya, ina kwana. Ni kuma in ce, Rakiya.